Gurbi na Uku a Takardar Ramla

Shekara uku Ramla ta yi a kwalejin koyon aikin lafiya a Katsina, amma in aka ce ta ƙirga ƙawayenta, yatsa ɗaya ya ishe ta. Ba wai mugun hali gare ta ba. Nauyin baki ne kawai Allah ya ɗora mata, irin wadda sai ta gama jera magana a ranta, ta buɗe baki ta tarar mutane sun riga sun wuce wurin. 'Yan ajinsu kuwa suka yi mata fassarar girman kai, tunda sun ji an ce a GRA, unguwar masu hali, take zaune. Kayya, da sun san irin zaman! Gidan kawunta ne, shi da iyalinsa sun fi zama Abuja, iyayenta kuma suna can Malumfashi. Ɗaki guda aka ba ta a bayan gida kusa da tankin ruwa. In ta dawo daga makaranta ta yi sallama, babu mai amsawa. Ta dafa taliya a risho, ta ci rabi, ta rufe rabi. Wani lokaci takan kunna rediyo, ba don labarai sun dame ta ba, don dai ta ji muryar ɗan Adam a ɗakin.

Yatsan nan ɗaya kuwa ita ce Halimatus Sa'adiyya, 'yar Ƙofar Sauri, wadda ta girme ta da shekara bakwai. Mijinta ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da 'ya ɗaya, tana gama takaba ta koma gidan mahaifiyarta, ta nemi makaranta. Mace ce mai faran-faran, dariyarta tun daga bakin get ake jiyo ta. A makonsu na biyu a aji ta tarar da Ramla ita kaɗai a bayan ɗakin gwaje-gwaje tana karanta littafin da ba karanta shi take ba, sai ta zauna kusa da ita ba gayyata, ta buɗe kular dambu ta tura mata cokali. Ta ce ba a karatu da yunwa, kuma ita ba ta iya cin abinci ana kallon ta ba. Tun daga ranar, ƙarfe ɗaya ba ta wuce su a gindin wata darbejiya da ke wurin. Sa'adiyya ta yi ta zuba, Ramla ta yi ta saurare. Tana ce mata Hajiyar GRA, ita kuma tana ce mata Yaya. Duk abin da Ramla ta sani na daɗin zaman Katsina, a awa ɗayan nan yake.

Da shekarar ƙarshe ta zo, Malam Sammani ya shigo aji da jerin batutuwan da kowa zai yi bincike a kai ya rubuta kundin kammala karatu. Kafin ka ce kwabo an wawashe masu sauƙi. Wannan ya ɗauki zazzaɓin cizon sauro, waccan ta ɗauki wanke hannu, wani ya cafe rigakafin yara. Ramla tana nan tana shirya yadda za ta ɗaga hannu, har aka bar saura ɗaya tilo, wanda kowa ya tsallake kamar kashin kaji a tsakar gida. Batun shi ne ɗaliban lafiya da tazarar haihuwa: me suka sani, me suke gani, me kuma suke aikatawa. Aji ya ɗauki dariya. Yusuf, shugaban aji, ya ce ai an dace, wadda ba ta magana ita aka ba maganar da ba a yi.

Abin dariyar shi ne, waɗannan ɗaliban ko daga barci ka tashe su za su karanto maka komai. Ƙwaya da yadda ake shan ta, allurar wata uku, robar mahaifa, ashanar da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse, wadda ta shekara uku da wadda ta shekara biyar. Sun yi jarrabawa a kai, sun tsaya a asibiti sun yi wa matan mutane bayani da harshe mai daɗi. Amma ka ce wa ɗayansu, to ke fa, ko kai fa? Nan za ka ga an tsuke fuska ana a'uziyya, kamar ka zagi iyayen mutum.

Ramla ta zauna ta tsara takardar tambayoyinta kashi uku. A sama ta sa shekaru, mace ko namiji, sannan gurbi biyu: mai aure, marar aure. Ta kai wa Sa'adiyya ta duba mata a gindin darbejiya. Sa'adiyya ta bi layi-layi da yatsa mai maiƙon ƙuli, ta tsaya a kan gurbin aure, ta ɗago tana murmushi.

"To ni ina kika aje ni, Hajiyar GRA? Ni ba budurwa ba, ni ba matar aure ba. Ko ba a ƙirga mu cikin mutane?"

Da wasa ta faɗa, amma Ramla ta ji abin har ƙashinta. Ita ce fa ta fi kowa sanin zafin a jera mutane a manta da kai. A ranar ta koma ta ƙara gurbi na uku, ta rubuta bazawara. Da ta nuna mata, Sa'adiyya ta tafa hannu ta ce yanzu ta san tana da ƙanwa a makarantar nan. Ramla ta koma gida da daɗi a ranta, har ta cinye taliyarta duka.

Gwajin farko a wani aji ta yi shi, mutum ashirin. Kashin sani kowa ya cinye. Kashin ra'ayi kowa ya yarda tazara alheri ce ga uwa da ɗa. Kashin aikatawa kuwa, a'a ashirin reras, har da matan auren da duk makarantar ta san ƙaramin ɗansu ya kai shiga firamare. Malam Sammani ya jujjuya takardun ya tura mata abinta. Ya ce wannan ba bincike ba ne, taron kunya ne, kuma in ba ta samo hanyar da mutane za su faɗi gaskiya ba, to ta shirya maimaita shekara.

Sa'adiyya ce ta kawo dabara. Suka samo kwalin sabulu, suka naɗe shi da salatif ta ko'ina, suka tsaga ƴar kafa a sama kamar akwatin zaɓe. Ranar Talata bayan darasi Ramla ta tsaya gaban mutum tamanin da huɗu, karo na farko a shekara uku. Ta ce babu suna, babu lamba, babu rubutu, alama kawai za a yi. Ta rantse ita da kanta ba za ta buɗe kwalin ba, mai shagon kwamfuta na bakin titi za ta kai wa, wanda bai san kowa ba, shi zai shigar ya fitar mata da lissafi. Tana tsaka da bayani maganar ta ɓace mata. Sai Sa'adiyya ta miƙe daga kujerarta ta karɓe zancen. Ta ce su ji tsoron Allah, gobe su ne za su zauna a kujerar asibiti suna roƙon matan ƙauye su faɗa musu gaskiya, to da wane baki? Ta ce yarinyar nan ta san ta ciki da waje, mai amana ce, in aka ji wani abu ya fita a kama ta ita Sa'adiyya. Ta cike tata takardar a tsaye kowa na gani, ta ninke, ita ta fara jefawa.

Ramla ta cika alkawari. Ko leƙa kafar kwalin ba ta yi ba. Mai shago ya yi aikinsa ya ba ta jadawali goma sha biyu, lambobi tsaf a jere. Malam Sammani ya duba na farko-farko, ya ga wannan karon an sami masu cewa e, ya ji daɗi. Shi ne ma ya ce lallai a haɗa matsayin aure da aikatawa a jadawali guda, don irin wannan ne masu jarrabawa ke so. Lokaci ya ƙure, ɗalibai goma sha biyar ke wuyansa, kowa na gudu. Aka buga, aka ɗinke kwafi huɗu da koren bango, aka aika ɗaya ga baƙuwar malamar da za ta zo daga Zariya ta yi musu jarrabawar baka.

Saura kwana biyu a shiga kare kundi, da la'asar, Ramla na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana bitar lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta iso jadawali na tara. Marasa aure sittin da ɗaya, biyu sun ce suna amfani da wata hanya. Masu aure ashirin da biyu, goma sha huɗu sun ce e. Layi na uku kuma, bazawara ɗaya, e ɗaya, kashi ɗari cikin ɗari.

Ta karanta sau uku. Sannan ta rufe kundin ta ɗora hannu a kai, kamar mai tsoron lambar ta fito ta bi gari. Innalillahi. Biyun nan na marasa aure sun ɓuya cikin sittin da ɗaya, sha huɗun nan sun ɓuya cikin ashirin da biyu. Amma mutum ɗaya a gurbi ɗaya, a bayan wa zai ɓuya? Duk ajin, har masu shara, sun san bazawara ɗaya ce. Babu suna a takardar, gaskiya ne. Ita ce da hannunta ta gina wa Yaya ɗaki ita kaɗai, ta kuma cire masa ƙofa.

To, a nan ne fa zan faɗi abin da ba shi da daɗin faɗi. Bayan tsoro ya lafa, wani abu ya biyo baya, kuma ba tausayi ba ne. Tambaya ce. Mijin Yaya ya kusa shekara huɗu a ƙasa. To me take yi da tazarar haihuwa? Ramla ta yi istigfari ta kori tunanin, ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga. Ta tuno ranar da Sa'adiyya ta tashi daga cin abinci ta koma gefe tana amsa waya ƙasa-ƙasa. Ta tuno sabon mayafin da ta ce kyauta aka ba ta. Abubuwan da ba su taɓa zama komai ba, duk suka tashi suka yi layi. Ita da ta ci jarrabawa a kan dalilai goma da kan sa mace ta yi amfani da irin waɗannan abubuwa, ko ɗaya bai zo mata ba sai wanda 'yan gulma za su fara kawowa.

Washegari ta tafi ofishin Malam Sammani da niyyar roƙon a cire shafin. Ta isa har bakin ƙofa, ta ji muryoyin wasu malamai a ciki suna hira. Me za ta ce? Malam, a cire jadawali na tara. Don me? Don ya nuna Halimatus Sa'adiyya. Ke nan ita ce za ta fara kiran sunan da bakinta, a gaban maza uku. Ta tsaya tana shirya maganar, ta rushe, ta sake shiryawa, har wani ɗalibi ya zo ya ce ta ba shi hanya. Sai ta juya. A hanya ta lallashi kanta. Wa ke karanta kundin ɗalibi har shafi na arba'in? Minti goma za a ba ta, za ta nuna jadawali biyar a majigi, ta tsallake na tara, shi ke nan an rufe.

Ƙarfe ɗaya suka haɗu a gindin darbejiya kamar kullum. Sa'adiyya ta zo da shinkafa da wake, tana ta ba ta ƙarfin gwiwa, tana kwaikwayon yadda baƙuwar malamar za ta sauke tabarau ta yi tambaya. Ramla tana kai loma tana satar kallon ta. Sau biyu maganar ta zo mata har maƙogwaro. Yaya, akwai matsala. Kalma uku kacal. Amma in ta faɗa, Yaya za ta san ta gani, za ta dube ta cikin ido, kuma Ramla ba ta yarda da abin da ke cikin idon nata ba. Wayar Sa'adiyya ta yi ƙara, Ramla ta tsinci kanta tana miƙa wuya ta ga sunan mai kira. Mahaifiyarta ce, tana tambayar ko ta sayo maganin tari.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Aka cika babban ɗakin taro, malamai a gaba, ɗalibai a baya, Yusuf na kula da majigi. Sa'adiyya ta zauna a layi na biyu, jakar Ramla a cinyarta, da gorar kunun aya mai sanyi da ta ce sai an gama za a sha. Ramla ta yi bayani, kuma wallahi ta yi ƙoƙari, ba ta yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Ta nuna cewa sani ya kai kashi casa'in da wani abu, ra'ayi ya bi shi a baya kaɗan, aikatawa kuma ta tsaya can ƙasa. Ta tsallake na tara lafiya lau. Har ta fara jin iska na shiga ƙirjinta.

Baƙuwar malamar dattijuwa ce mai natsuwa, kuma irin mutanen nan ne da ke karanta abin da aka ba su. Ta yaba aikin, ta ce ta daɗe ba ta ga ɗalibar da ta samo amsoshi na gaskiya a kan wannan batu ba. Sannan ta buɗe inda ta maƙala ƴar takarda, ta ce akwai wani sakamako mai ban sha'awa da ɗalibar ba ta taɓo ba, a haska jadawali na tara. Yusuf ya laluba ya haska. Lambobin suka hau bango, kowace kamar tafin hannu.

"Na ga zawarawa kashi ɗari cikin ɗari," in ji ta. "Wannan abin dubawa ne. Su nawa ne a cikin waɗanda kika tambaya?"

Amsar tana nan a bango, amma ɗalibi ba ya ƙin amsa tambayar mai jarrabawa.

"Ɗaya ce," in ji Ramla.

Ba a yi dariya ba. Da ma an yi, da ya fi sauƙi. Ƙarar fanka kawai ake ji, sai kuma kujeru da suka riƙa ƴar ƙara yayin da mutane ke gyara zama don su kalli layi na biyu ba tare da an ce sun kalla ba. Dattijuwar ta dubi ɗakin, ta dubi Ramla, nan take ta gane. Ta ce wa Yusuf ya sauke, da sauri, ta jawo wata tambaya a kan yawan mutanen da aka tambaya. Amma magana zarar bunu ce. Sa'adiyya ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma tashi ba. Ta zauna ƙyam tana kallon bangon da babu komai a kansa, har aka gama da Ramla, aka gama da mutum huɗu bayanta. Da aka tashi, Ramla ta kutsa cikin mutane ta iso layi na biyu. Jakarta na kan kujera, gorar kunun aya a gefenta, ta daina sanyi.

Aka ba ta maki mafi yawa a ajin. Malam Sammani ya kira ta gefe ya ce laifinsa ne shi ma, ya kamata ya lura, za a haɗe layin da na masu aure kafin a kai kundin ɗakin karatu. Aka gyara takarda. Bakin mutane kuwa wa zai gyara shi? Kafin Juma'a zancen ya zaga makaranta ya fita waje. Waɗanda suka yi ƙarya a takardarsu su suka fi kowa tsarki. Wata ta ce dama ita ta daɗe tana mamakin wannan fara'a. Wani ya ce Allah dai ya shirya. Har aka sami masu zuwa wurin Ramla, ita da ba a taɓa nema ba, suna tambaya ƙasa-ƙasa ko ta san mutumin. Sa'adiyya ba ta sake shigowa ba, tunda darussa sun ƙare. Ramla ta kira ta sau ashirin da wani abu, wayar na shiga ba a ɗauka. Ƙarfe ɗaya na yi sai ta rasa inda za ta sa kanta. Ranar farko ta je gindin darbejiyar ta zauna, ta ga ba za ta iya ba, daga nan ta koma cin abincinta a ɗaki.

Ranar Asabar da hantsi ta hau Keke Napep zuwa Ƙofar Sauri. Ta san gidan, ta sha zuwa. Mahaifiyar Sa'adiyya ta amsa sallamarta a tsakar gida ba yabo ba fallasa, ta nuna mata ɗaki da haɓa. Sa'adiyya na zaune a bakin gado tana ninke kayan ɗiyarta. Ta tashi ta shimfiɗa mata darduma, abin da ba ta taɓa yi ba, don da kan gado Ramla ke faɗawa. Sannan ta shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya karatu, ya mutanen Malumfashi, ya aka ji da zafi, an gama lafiya, to madalla, Allah ya sa albarka. Ta kawo ruwa a kofin gilashi bisa faranti. Duk wanda ya san Katsina ya san in aka yi maka irin wannan gaisuwar a gidan da kake shiga ba sallama, to an mayar da kai baƙo.

Ramla ta fara ba da haƙuri, maganar na fita a karkace, rabi kuka rabi bayani. Ta ce ba da gangan ba ne, ta ce ba ta buɗe kwalin ba, ta rantse. Sa'adiyya ta ce ta sani. Ta ce ai ita ta roƙi gurbin da bakinta, kuma ita ta yi alamar da hannunta, ba wanda ya tilasta ta. Sai ta ture hannun rigarta na hagu sama. A cikin dantsen akwai filasta sabuwa, gefenta ya ɗan kumbura.

Ta ba ta labarin a hankali, idonta a kan kayan da take ninkewa. Haihuwar ɗiyarta da aiki aka ciro ta, ta zubar da jini har aka fitar da rai. Likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki nan kusa, ba ya ba da tabbacin komai. Bayan arba'in mijinta ya ɗauke ta a babur ya kai ta asibiti da kansa, mutumin da ko allura aka zo yi wa wani sai ya fita waje. Ya tsaya ya riƙe mata hannun dama yayin da ake sa ashanar a na hagu, yana kallon silin yana karanto duk addu'ar da ya sani, har ma'aikaciyar ta ce ko shi za a ba kujera. Ta shekara biyar ce. Ya ce kafin wa'adinta ya cika zai gama ginin ɗaki na biyu. Wata biyar bayan nan aka kawo gawarsa. Ta ce ta san ba ta da sauran amfani da ita, ta fi kowa sani, ai karatunta ke nan. Kawai dai ta kasa zuwa a cire. Duk abin da suka yanke tare a duniya, shi kaɗai ne bai ƙare ba tukuna.

"Jiya na tahi aka cire," in ji ta. "Yayan marigayi ya zo nan shekaranjiya, ya zauna inda kike zaune, yana tambayar Inna ko ɗiyarsu na cikin hannu nagari. To na cire, kowa ya huta. Saura wata goma sha ɗaya ya rage. Da na ce in lokacin ya yi ke za ki raka ni, ki riƙe mini hannu."

Ramla ta kifa fuska a gwiwa. Sa'adiyya ta bar ta ta yi kukanta, ba ta taɓa ta ba, ba ta kuma hana ta ba. Da ta lafa, sai ta sauke hannun rigar ta gyara zama.

"Abu ɗaya nike so in sani. Kin ga jadawalin nan kafin ranar?"

Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, kuma babu mai kama ta. Ramla ta dube ta, ta kasa.

"Na gani."

"Da kwana nawa?"

"Biyu."

Sa'adiyya ta jinjina kai a hankali, kamar mai lissafi. Ranar shinkafa da wake ta riga ta sani ke nan. Da an faɗa mata a ranar, da ko zuwa ɗakin taron ba ta yi ba, da ta je wurin Malam Sammani da kanta, ita da ba ta jin nauyin kowa. Duk wannan ba ta faɗa ba, don su biyun sun sani.

"To da kika gani, Ramla, mi kika zata?"

Ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba sai yau. Ramla ta buɗe baki. Wannan karon ba nauyin baki ba ne, ba kuma rashin shiri ba. Amsar tana nan a shirye tsaf tun ranar da la'asar, ita ce dai ba ta faɗuwa. A tsakar gida ana daka, wata akuya na kuka a maƙwabta. Sa'adiyya ta jira, ta ba ta lokaci mai yawa, fiye da yadda kowa ya taɓa ba ta.

"Na ji," in ji Sa'adiyya.

Ta jawo wata ƴar riga daga cikin kwandon, ta shimfiɗa a cinya, ta ci gaba da ninki da hannu ɗaya da rabi, don na hagun bai gama saki ba. Ramla ta zauna a kan dardumar baƙi har ta ga babu sauran abin zama, sannan ta tashi ta nemi takalmanta.